Dirka Uku, Igiya Ɗaya: Lissafin Shingen Da Ya Rungumi Da'ira

Duk wanda ya taɓa dasa itace a Diffa ya san dashen shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar tana wajen tsaro. Ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, wadda kuma tun 1975 aka mayar ranar dashen itatuwa, za ka ga an jera dogon yaro a bakin hanya da harabar ma'aikatu da ƙofar gidaje. Mako bai zagayo ba, awaki sun bi sun yi wa duk wanda ba a killace ba aski ƙwal. Saboda haka mai dashe yakan tona gurbi zagayayye, ya tayar masa da kunya don ta riƙe ruwa, sannan ya nemi abin kewayewa: ƙaya, ko tubali, ko ragar waya da dirkoki. A ƙasar da icce ke da tsada, tambayar farko ita ce dirka nawa za su isa su riƙe shinge. Amsar uku ce, don biyu ba sa kewaye komai.

A wani lambu a gaɓar Komadugu na taɓa tarar da wani dattijo da ɗansa suna wannan aiki. Sun gama tona gurbin mangwaro mai faɗin mita ɗaya, dashen na gefe cikin leda yana jira. Yaron ya ɗauki dirkoki uku ya ce, "Baba, in kafa su a bakin kunya?" Uban ya ce, "Kafa mu gani." Ya kafa, ya ja waya daga wannan zuwa waccan, sai ga ta ta ratsa ta cikin gurbin, ta yanke shi a wuri uku. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, waya ba ta san kwana ba, miƙe take tafiya. Tuge su."

Ya soke ɗan turke a tsakiyar gurbin, ya auna igiya daga turken zuwa kunya, ya ƙara wani tsawon kamarsa, ya ɗaura tsinke a ƙarshe, ya zagaya yana zana babbar da'ira a kan rairayi. Da wannan tsawon igiyar dai ya bi bakin babbar da'irar yana awo yana alama, awo na shida ya dawo da shi cif inda ya fara. Ya ce wa yaron ya kafa dirka a alama ɗaya, ya tsallake ɗaya. Da aka ja waya, kowane gefe ya zo ya shafi bayan kunya a wuri guda, bai shiga ba, bai kuma bar rata ba.

Na tambaye shi inda ya koya. Ya ce, "Malam, haka na tashi na ga ana yi." Yaron kuwa, wanda ke ajin ƙarshe na kwaleji yana shirin jarrabawar BEPC, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce irin wannan zanen yana cikin littafin lissafinsa, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsa ta kayar da shi.

Tambayar ita ce: ga da'ira, an zana mata alwatika a waje, gefe ukun nan tsawonsu ɗaya, kowanne yana shafar da'irar a wuri guda. In an san nisan da ke tsakanin cibiyar da'ira da bakinta, mene ne girman filin alwatikar? Wannan nisa, wato rabin faɗin da'ira, shi ne igiyar farko da dattijo ya auna, kuma a littafin makaranta ana rubuta shi da harafin r. Amsar da ake haddacewa ita ce 3√3 r². Hadda takan gudu ranar jarrabawa, shi ya sa ya fi kyau a bi ta hanyar da dattijon ya bi, domin duk lissafin yana rataye ne da abu ɗaya: kowace dirka tana tsaye a nisan igiya biyu daga cibiya.

Me ya sa ninki biyu?

Tsaya a turken tsakiya. Ja layi zuwa inda waya ta shafi kunya, ka ja wani zuwa dirkar da ke kusa. Layukan nan biyu, tare da guntun wayar da ke tsakaninsu, sun fitar da 'yar ƙaramar alwatika. Abu biyu muka sani game da ita. Na farko, inda layi ya sauka kan waya kusurwa ce irin ta gini, mai digiri 90, domin hanya mafi kusa daga turke zuwa waya ita ce wadda ta faɗa mata a tsaye. Na biyu, kowace kusurwar babbar alwatika digiri 60 ce, tunda uku ne masu girma ɗaya da suka raba 180, kuma layin da ya fito daga cibiya ya tsaga ta biyu daidai, ya bar 30 a kowane ɓangare.

Yanzu ka ɗauka 'yar alwatikar nan marfin akwati ce, wayar kuma ita ce maɗaurinta. Buɗe ta ta kifa a wajen shinge. Ta asali da inuwarta sun haɗu sun zama alwatika ɗaya wadda kusurwarta ta wajen dirka ta koma 60, gefe biyun da suka fito daga dirkar kuma tsawonsu ɗaya. Alwatika mai wannan siffa ba ta da zaɓi, dole gefenta na uku ya yi daidai da su. Gefen nan na uku kuwa igiya ɗaya ce a ciki, igiya ɗaya a waje, wato 2r. Ke nan daga turke zuwa dirka ma 2r ne. Abin da hannun dattijo ya yi ke nan lokacin da ya ninka igiyarsa.

Da zarar an samu wannan, sauran gangara ce. Ƙa'idar Fisagoras, wadda kowane ɗan kwaleji ya sani, ta ce a alwatika mai kusurwar gini, in ka ninka dogon gefe da kansa, daidai yake da jimlar gajerun biyu kowanne an ninka shi da kansa. Dogon gefenmu 2r ne, ya ba da 4r². Ɗaya gajeren r ne, ya ba da r². Saura 3r² ga guntun waya. To wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 3? Ita ake kira saiwar 3, ana rubuta ta √3, kuma ta kusa 1.732. Guntun waya daga dirka zuwa inda ta shafi kunya tsawonsa √3 r ne, kuma shi rabin gefe ne, don haka cikakken gefe 2√3 r ne, wato igiya uku da rabi ba kaɗan.

Tsayin alwatikar ya fi sauƙi. Daga dirka zuwa turke igiya biyu, daga turke zuwa wayar da ke fuskantar dirkar igiya ɗaya, jimla uku. Filin alwatika kuwa rabin gindi ne a ninka da tsayi. Rabin gindi √3 r, tsayi 3r, an samu 3√3 r². A lambobin kasuwa, ka ninka igiya da kanta, ka ninka abin da ya fito da 5.2.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan gajarta, kuma ta fi ta nisan tafiya. Daga turke ja layi zuwa dirkokin uku, shingen ya rabu zuwa alwatika uku, kowacce gindinta gefe ɗaya na waya, tsayinta igiya ɗaya. Haɗa su, sai ka ga filin gaba ɗaya shi ne rabin tsawon wayar da aka kewaye da ita a ninka da r. Wayar 6√3 r ce, rabinta 3√3 r, a ninka da r, amsar dai ba ta sake ba. Daɗin wannan hanya shi ne ba ta damu da yawan dirkoki ba. Ko uku ne, ko huɗu, ko ashirin, muddin kowane gefe yana shafar da'irar, fili shi ne rabin kewaye sau r. Wato duk shingen da ya fi cin waya, shi ya fi cin ƙasa.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da yaron nan ya yi da dirkoki, shi ɗalibai ke yi da alƙalami. Alwatika biyu ce ke hulɗa da da'ira ɗaya: wadda ke ciki, kusurwoyinta na taɓa bakin da'ira, da wadda ke waje, gefenta na shafar bakin. A Faransanci sunayensu sun yi kama a kunne, ɗalibi kuma yakan haddace ƙa'idar ɗaya ya shafa wa ɗayar. Hanyar rarrabe su tana cikin kowane gida. Duwatsun murhu uku suna ƙarƙashin tukunya, tukunyar ta rufe su: wannan ita ce ta ciki. Shingen dashe ya rungumi gurbi: wannan ita ce ta waje. Ta waje ta ninka ta ciki sau biyu a tsawon gefe, sau huɗu a fili. In ka haɗa wurare ukun da waya ta shafi kunya da layi, za ka ga babbar ta rabu gida huɗu masu girma ɗaya, ta tsakiyar ita ce ta murhu.

Kuskure na biyu shi ne a ɗauki cikakken faɗin da'ira a sa a gurbin r. Shi ma sau huɗu yake kumbura amsa. Abin dariya, ɗalibin da ya yi kuskuren nan biyu a tare, ya ɗauki ƙa'idar ta ciki kuma ya sa cikakken faɗi, ɗaya ya rage sau huɗu, ɗaya ya ƙara sau huɗu, sai ya faɗa kan amsar gaskiya kamar makahon da ya taka kuɗi. Malamin da ke duba lambar ƙarshe kawai zai ba shi maki, ranar da ya yi kuskure ɗaya tak kuma asiri ya tonu.

Na uku ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Mutum yakan zaci in ya ninka faɗin gurbi, fili ma ninki biyu zai ci. Waya ce ke ninkawa sau biyu. Ƙasa sau huɗu take tafiya, domin r da kansa ake ninkawa.

Mai dirka uku da mai dirka huɗu

A koma lambu da lambobi. Gurbin mangwaron faɗinsa mita 1, igiya rabin mita ke nan. Dirkoki na nisan mita 1 daga tsakiya, kowane gefe mita 1.73, wayar gaba ɗaya mita 5.2, filin da shingen ya ci murabba'in mita 1.3. Gurbin kansa 0.79 ne kawai. Wato cikin kashi 100 na ƙasar da aka killace, kimanin 60 ne da'irar ta zauna a kai, sauran 40 suna cikin lungunan nan uku. Wannan rabo ba ya sakewa, ko gurbin ya kai girman ƙwarya ko na filin ƙwallo.

Da an sa dirka huɗu aka yi murabba'i, kowane gefe mita 1 ne, waya mita 4, fili murabba'in mita 1. Mai dirka uku ya tsira da dirka ɗaya, ya biya da ƙarin waya mita 1.2. Ga mai dashe 200, wannan na nufin dirka 600 da waya kimanin mita 1,040 a hannu ɗaya, dirka 800 da waya mita 800 a ɗaya hannun. Hukuncin yana bakin kasuwa: in kuɗin dirka ɗaya ya wuce na waya mita 1.2, uku ta fi araha, in bai kai ba, huɗu ta fi. Wanda ke zaune inda icce ya yi ƙaranci, kamar yankin Maine-Soroa da Gudumariya inda ake fama da tudun rairayi masu cinye kwari, lissafinsa zai bambanta da na wanda ke sarar dirka a bayan gidansa.

Abin yana juyewa in da'irar ta girma. Tattasai shi ne arzikin kwarin Komadugu, har ana masa kirari da jan zinari, kuma bayan tsinka sai an baza shi a rana ya bushe kafin a ɗura a buhu. Ka ɗauka manomi ya share wurin shanya zagayayye mai igiya mita 5, filinsa murabba'in mita 78.5. In ya ce zai kewaye shi da alwatika, kowane gefe zai kai mita 17.3, waya mita 52, fili murabba'in mita 130. Murabba'i zai tsaya a waya mita 40 da fili 100. Mai gefe shida ya fi su duka tsimi: waya ƙasa da mita 35, fili ƙasa da 87. Ga shi kuma babu wayar da za ta tsaya tsawon mita 17 ba tare da an sa mata dirkoki a tsakani ba, ke nan ribar da aka shiga alwatika dominta ta tafi. A gaɓar kogin da tun 2015 rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu, ya matse sauran a ɗan abin da ya rage, murabba'in mita 30 na ƙasar da famfo ke kai wa ruwa ba abin yarwa ba ne. Shingen dirka uku na ƙaramin abu ne: dashe, bakin rijiya, tukunyar ruwa.

Amma in har uku za a kafa, ta dattijo ce mafi kyau. Cikin duk alwatikan da za su iya rungumar da'ira ɗaya, mai gefe daidai ita ce mafi ƙarancin fili, kuma bisa ƙa'idar rabin kewaye, ita ce mafi ƙarancin waya. Ka matso da dirka ɗaya ciki, dole sauran su ja baya fiye da abin da ka samu. Lungunan ma ba dole su zama asara ba. Na ga lambun da aka shuka yakuwa da albasa a cikinsu, suna shan rarar ruwan dashe a bayan waya, inda akuya ba ta kai baki.

Tsohuwar tambaya ce

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Uƙlidis ya tattara ilimin awon siffofi a Iskandariyya ta Masar cikin littafi mai kashi 13. Mas'alar da ya buɗe littafin da ita ita ce yadda ake zana alwatika mai gefe daidai. Kashi na huɗu ya keɓe shi ga siffofin da ke cikin da'ira da waɗanda ke wajenta, kuma mas'ala ta uku a can ita ce tamu: yadda ake rungumar da'ira da alwatika. Arkimidis na Sirakusa, wanda ya rasu a 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗauki tunanin ya kai shi nesa. Ya lura cewa yayin da ake ƙara gefe, shinge yana ƙara manne wa da'ira. Ya fara da gefe 6, ya ninka zuwa 12, 24, 48, har 96, yana matse da'irar ta ciki da ta waje, har ya tabbatar da cewa kewayenta in an raba da faɗinta ya fi 223/71, bai kuma kai 22/7 ba. Jerin da muka gani a wurin shanya shi ne farkon wannan tsani: in an raba kewayen shinge da faɗin da'ira, alwatika na ba da 5.196, murabba'i 4, mai gefe shida 3.464, ana ta gangarowa zuwa 3.1416. Wannan 22/7 da yara ke rubutawa a allo daga shinge ta fito.

A zamanin Haruna Rashid aka fassara littafin Uƙlidis zuwa Larabci a Bagadaza. A birnin ne kuma Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rayu daga 940 zuwa 998, ya rubuta littafi musamman kan abin da masu sana'a ke bukata na wannan ilimi. Ya ga magina da masu ado suna aiki da ido da sabo, malamai kuma suna da hujja ba su taɓa riƙe kayan aiki ba, sai ya yi ƙoƙarin haɗa su. Da yawa daga hanyoyinsa ana yin su ne da ma'aunin da'ira da aka buɗe sau ɗaya ba a sake taɓa shi ba, kamar dai igiyar da dattijo ya zagaya da ita sau shida.

Tazarar da Abul Wafa ya gani tana nan a Diffa, harshe kuma ya ƙara mata faɗi. Uba yana aiki da Barbarci ko Hausa ko Fulatanci, ɗa yana karatu da Faransanci, a hayin kogi kuma takwaransa na Damasak yana yi da Ingilishi. Tun da kundin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ana ta maganar ko za ta iya ɗaukar darasin kimiyya. A wannan mas'ala dai kalmomin suna nan: da'ira da murabba'i sun daɗe da shigowa daga Larabci, alwatika da kusurwa da cibiya da gindi da tsayi duk suna bakin mutane. Abin da ya rage shi ne malami ya fito da aji tsakar makaranta da turke ɗaya da igiya ɗaya, ya bar yara su kafa dirkoki a bakin kunya, su ga waya ta yanke gurbi da idonsu, kafin a koma allo.

Dattijon lambun nan da ɗansa, kowanne yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Dattijon ya san inda dirka za ta tsaya, amma sai ya kafa ya auna yake sanin wayar da za ta ci, ga shi kuma sauran gurabe 39 ke jiransa, ga kasuwa da nisa. Kafin in bar lambun, yaron ya durƙusa ya yi rubutu da tsinke a kan rairayi, a gefen da'irar da ubansa ya zana. Ya ɗago ya ce, "Baba, kowane gurbi mita biyar da taƙi ɗaya ne. Na arba'in ɗin duka, mita 208." Uban ya ɗauki igiya ya bi shingen da suka gama gefe-gefe, ya auna a kan sandar mitarsa, ya yi shiru. Can ya ce, "Haka ne. Amma ƙara wa kowanne taƙi ɗaya na ɗauri, boko bai gaya maka waya sai an murɗe bakinta ba."